Darasi na 7: Garwashi a ɗaki da iskar da ba a gani

Idan hunturu ya kama a Damagaram, wajen watan Disamba da Janairu, kowa ya san yadda dare yake. Ƙura ta rufe gari, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Da an idar da sallar isha'i sai a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma ko kwali, a shigo da kaskon wuta. A Birni haka ake yi, a Zongo ma haka, har Garin Malam. Darasinmu na yau a kan kaskon nan ne.

Abin da na gani da idona

Wata shekara cikin sanyi maƙwabciyata ta haihu. Ana sauran kwana 2 suna, uwar mijinta ta hura gawayi a tsakar gida. Ta yi ta fifita har hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi jajir, sannan ta kai ɗakin maijego ta ja ƙofa. Da asuba muka ji salati. Na shiga na tarar da maijego zaune a bakin gado, ta dafe kai da hannu biyu, ta yi amai a zane, ta kasa miƙewa. Ƙanwarta mai taya ta kwana ana ta girgiza ta, da ƙyar take buɗe ido. Jariri ya yi laushi, ya ƙi kama nono.

Tsohuwar ta ce, "Malama, zo ki gani. Ko iska ce ta taɓa su?"

Na ce, "Inna, a buɗe ƙofa da taga tukuna, a fito da su waje. A fid da kaskon nan."

Ta ce, "Haba 'yar nan, wutar ai ba ta da hayaƙi. Sai da ta nuna na shigo da ita."

Allah ya yi da sauran kwana, an kai su asibiti, an sa musu oksijin, wato iskar da jiki ke rayuwa da ita, dukansu suka tashi. Amma maganar Inna ba ta bar raina ba, don yawancinmu abin da muka ɗauka ke nan: in hayaƙi ya ƙare, haɗari ya ƙare. Ba haka ba ne. Hayaƙi yana sa tari, yana sa hawaye, ya kore ka waje. Garwashin da ya nuna kuwa shiru yake aikinsa, kana barci.

Mece ce wannan iska?

Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne, itace ne, kananzir, fetur ko gaz, yana buƙatar iska mai kyau. In iskar ta yi kaɗan, sai wutar ta riƙa fitar da wata iska mai guba. Likitoci suna kiranta kabon monoksaid. A rubuce ana taƙaita ta da haruffa biyu: CO. Ku rubuta su a littafinku, za mu sake haɗuwa da su.

Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. In mutum ya shaƙe ta, sai ta shiga jini ta kama wurin oksijin, kuma riƙon da take yi wa jini ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Mutum yana numfashi, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun abincinsu. Shi ya sa mai barci yakan zarce, ba tare da ya farka ba.

Ta fi saurin kayar da jarirai, da mata masu ciki har da abin da ke cikinsu, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya ko ƙarancin jini.

Yadda za ku gane ta

Ciwon kai ne farko. Sai jiri, tashin zuciya, amai, kasala, ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum, hankali ya rikice. Da yawa sukan ce zazzaɓin cizon sauro ne, su sha magani su koma ɗakin. To, ku lura da abu uku. Yawanci jiki ba ya zafi. Mutanen ɗaki ɗaya sukan kamu tare, lokaci guda. Kuma in an fito waje sai a ji dama-dama, in an koma ciwon ya dawo.

In kun ga haka, kada ku tsaya shawara. Ku buɗe ƙofa da taga, ku fito da kowa fili. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, kada kuma a ɗura masa komai a baki. Nono ko madara ba sa cire wannan guba daga jini. A kira masu kashe gobara a lamba 18, ko a garzaya asibiti. Ko mutum ya ce ya ji sauƙi, a kai shi, musamman mai ciki da yaro. A iskar waje gubar takan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin rabinta ya fita daga jini. Da oksijin na asibiti kuwa, abin bai fi awa ɗaya da rabi ba.

A gida fa?

Garwashi ba ya kwana a ɗaki. In za a ɗumama ɗakin maijego ko na tsoho, a yi ƙofa a buɗe, wani yana zaune idonsa biyu, sannan a fitar da kasko kafin a kwanta. A ƙara bargo, a sa wa yara hula da safa. Kaskon turaren wuta ma haka. Samarin fada masu dafa shayi, in sanyi ya koro ku cikin shago ko zaure, ku bar murhun a waje.

Janareta, wanda muke ce wa gurup, shi ma ya ci rayuka. Na san tsoron ɓarawo ke sa a shigo da shi zaure ko bayan ƙofa. A ɗaure shi da sarƙa a fili, nesa da ƙofa da taga kamar mita 6, bakin hayaƙinsa yana kallon waje. Babur ko mota ma ba a barinsu a kunne a wuri rufaffe.

Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, gidaje da yawa sun koma girki da gaz. Ku dubi harshen wutar. Shuɗi shi ne lafiya. In ya koma ruwan ɗorawa, gindin tukunya yana yin baƙi, to kan murhun ya toshe ko iska ba ta isa, a gyara.

Ƙararrawa iri biyu

Akwai ƙaramar na'ura mai aiki da batir, ba ta fi tafin hannu ba, wadda ke shinshino wannan guba ta yi ƙara mai tada mai barci. Ku nemi haruffan nan, CO, a jikin kwalinta. Ana maƙala ta a bango kusa da inda ake kwana, ba bayan labule ko kabad ba. Tana da maɓallin gwaji: a danna shi sau ɗaya a wata. Ƙurar hunturu tana toshe ramukanta, sai a riƙa gogewa da busasshen tsumma. Tana kuma tsufa, yawanci daga shekara 5 zuwa 10, kwanan watan yana rubuce a bayanta. In ta yi kuka, ku fita waje. Kada a cire batir don ta dami mutane.

Ƙararrawar yoyon gaz daban take, kada mai shago ya ba ku ɗaya a madadin ɗaya. Gaz ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka ita kusa da daɓe ake sa ta, a ɗakin girki. Shi gaz yana da wari. In kun ji shi, ku rufe kan tukunyar gaz, ku buɗe ƙofa, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Ana neman wurin yoyo da ruwan sabulu: a shafa a tiyo da mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne.

Wanda bai da halin sayen na'ura kada ya karaya. Mai ita ma ba a ce ya kwana da garwashi ba.

Aikin gida

Ku amsa a littafinku: me ya sa Inna ta ɗauka wutar ba ta da haɗari? Yau da dare kuma, kafin a kwanta, kowa ya zagaya gidansa ɗaki-ɗaki, ya ƙirga inda wuta ke ci ƙofa a rufe. Ku rubuta adadin, ku zo da shi aji ranar darasi mai zuwa.