Yadda Ake Zama Cikakkiyar Nas a Amurka da Karatun Shekara Biyu

A Amurka ba dole ba ne sai kin yi digiri na shekara huɗu kafin ki zama nas mai lasisi. Akwai ƙaramin digiri na shekara biyu da ake kira ADN, wanda ake yi a kwalejojin al'umma, kuma mai shi da mai babban digiri jarrabawar lasisi ɗaya suke zaunawa. Tsarin ya samo asali ne a 1952 daga aikin Mildred Montag ta Jami'ar Columbia, lokacin da ƙasar ke fama da ƙarancin ma'aikatan jinya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da mace nake magana don su suka fi yawa a aikin, amma hanyar ɗaya ce ga namiji.

Fara da tantance makaranta, kuma a nan nake so ki fi natsuwa. Shiga shafin hukumar jinya ta jihar da kike zaune, ki duba ko sunan makarantar yana cikin waɗanda ta amince da su. Sannan ki duba ko tana da shaidar inganci daga ACEN ko NLN CNEA, cibiyoyin da ke tantance makarantun jinya, domin idan babu, jami'a na iya ƙin karɓar darussanki in kin tashi ƙaro karatu. Kada ki ɗauki maganar "wance ma can ta yi". A Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo wata badaƙala, inda aka sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600 da sunan wasu makarantu a Florida, kuma jihohi suka bi sawun masu takardun suna soke lasisi. Duk wanda ya ce zai samo miki takarda ba tare da kin taka asibiti ba, guje shi.

Daga nan sai takardun sakandare. In a gida kika gama, da WAEC ko NECO ko bakaloriya ta Nijar, tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai wace cibiya suke yarda ta tantance takardun waje, da yawa suna karɓar WES ko ECE. In takardun sun ɓata ko samo su zai yi wuya, zauna jarrabawar GED, wadda ke tsayawa a madadin takardar sakandare a Amurka.

Shekara biyun da ake faɗa ba ta haɗa da darussan share fage ba, kuma nan ne mutane ke shan mamaki. Kafin a ɗauke ki a sashen jinya sai kin ci ilimin sassan jiki da aikinsu kashi na ɗaya da na biyu, ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, Turanci, ilimin halayyar ɗan Adam da lissafi, wasu makarantu har da kimistiri. Wannan kan ci shekara guda ko fiye. Gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma da maki ake tacewa. Shawarata ita ce kada ki haɗa darussan kimiyya masu nauyi biyu a zango ɗaya alhali kina aikin dare. Gara ki ɗauki ɗaya ki fito da A, da ki kwashi uku ki tsira da C. Ki kuma sani cewa makarantu da dama ba sa karɓar darussan kimiyyar da suka wuce shekara biyar zuwa bakwai. Yawancinsu suna neman jarrabawar shiga, TEAS ko HESI, sai ki tambayi wadda ake so kafin ki sayi littafin shiri.

Batun kuɗi kuwa, in kina da katin zama na dindindin ko kin zama 'yar ƙasa, cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu daga gwamnati, da wuri, ta nan ake samun tallafin Pell wanda ba a biya. Mai bizar ɗalibi ba ta da wannan dama.

In an ɗauke ki, za a nemi binciken tarihin laifi, gwajin ƙwaya, allurar rigakafin ciwon hanta, gwajin tarin fuka da katin koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Sai karatu gadan-gadan: aji, ɗakin gwaji inda ake koyon saka allura da robar fitsari a jikin mutum-mutumi, da zuwa asibiti. Ranar asibiti takan fara tun kafin bakwai na safe, ki karɓi bayanin majinyaci daga nas ɗin dare, ki auna jini da zafin jiki, malama na tsaye a kanki kina lissafa adadin magani. Kuskuren ɗigo ɗaya a lissafi na iya mayar da magani guba, shi ya sa ba sa sassauci a kansa. Tun kafin zango ya fara ki shirya wanda zai riƙe miki yara, domin fashin asibiti na iya fitar da ke daga shirin. Maganar hijabi da lokacin salla ki yi ta da malamarki tun makon farko, ki kuma san cewa za ki yi jinyar maza da mata.

Bayan kammalawa, nemi lasisi a hukumar jinya ta jiharki, ki yi rajistar jarrabawar lasisin, NCLEX-RN, a kamfanin da ke gudanar da ita, Pearson VUE, kan dala 200, ki jira takardar izinin zama. Jarrabawar a kwamfuta ake yi, tambayoyi 85 zuwa 150 cikin awa biyar, kuma tun Afrilun 2023 an ƙara mata tambayoyin da ke ba ki labarin majinyaci a ce me za ki fara yi. Zauna ta da wuri tun karatu bai huce ba. Wadda ta faɗi takan jira kwana 45 ta sake.

Da lasisi a hannu za ki iya fara aiki, sai dai wasu manyan asibitoci sun fi son mai babban digiri, kuma jihar New York ta kafa doka a 2017 cewa sabuwar nas ta samu digirin cikin shekara goma. Ana iya cike shi ta intanet kina aiki, don haka ranar ganawar ɗaukar aiki ki tambaya ko asibitin yana taimakawa da kuɗin makaranta.