Matakan Kiwon Gaiwa a Tankin Gilashi

Fara da neman babban tanki, domin gaiwa tana kaiwa mita ɗaya. Shimfiɗa yashi mai laushi a ƙasansa. In ruwan famfo za ka zuba, bari ya kwana tukuna.

Kada ka cika shi har baki. Gaiwa da huhu take numfashi, dole ta riƙa leƙowa sama shan iska, in ba haka ba ta nutse, kifi guda! Rufe da murfi mai huji, don takan tsallako.

Sayi ƙarama wajen masuntan kogin Galma da ke Zariya, ka ajiye ta ita kaɗai. Ciyar da ita da tana da dodon koɗi, amma kiyayi yatsanka, cizonta ba wasa.

Sanyin hunturun Zariya kuwa, sai da na'urar ɗumama ruwa.