Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar ishara da alamomi

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauka isharar da ya tashi ya tarar ana yi haka take a duk duniya. Ba haka ba ne fa. Ishara yarjejeniya ce tsakanin mutane kamar dai yare, in ka canza wuri ma'anar na iya juyewa gaba ɗaya. A Bulgeriya mutane da yawa in sun gyaɗa kai sama da ƙasa a'a suke nufi, in sun girgiza shi kuma e kenan. Yatsu biyun nan na nasara da Churchill, firaministan Birtaniya, ya yi suna da su lokacin yaƙin duniya na biyu, a Ingila in ka juya wa mutum bayan hannunka ka ɗaga su to zagi ne. Haɗa babban yatsa da ɗan ali su yi zobe kuwa a Amurka komai lafiya ake nufi, a Japan kuɗi, a Burazil ashar ce mai nauyi. Gyaran ba wuya, in kai baƙo ne ka fara lura da yadda 'yan gari ke yi kafin ka ɗaga hannu, in abu ya shige maka duhu ka buɗe baki ka tambaya.

Ko sana'a ma tana canza ma'ana, masu nutso a teku in sun ɗaga babban yatsa cewa suke mu hau sama, ba wai aiki ya yi kyau ba.

Wanda ya fi damuna kam shi ne yanke wa mutum hukunci da alama guda ɗaya. Wai ya kau da ido don haka ƙarya yake yi, ko ya harɗe hannuwa a ƙirji don haka girman kai ne. Haba. Wani kunya ce ke sa shi sunkuyar da kai, wani girmamawa, wani kuma sanyi kawai yake ji, kuma wallahi wannan zaton yana ɓata zumunci ba gaira ba dalili. Ka fara sanin yadda mutumin yake a kullum, sannan ka haɗa fuska da murya da abin da ake ciki. Maganar nan da ake yawo da ita cewa kashi 93 cikin 100 na saƙo ba a kalmomi yake ba, daga gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Albert Mehrabian ya yi a 1967 aka ciro ta, shi kuma a kan kalma ɗaya tak da yadda ake gane so ko ƙi ya yi gwajin, ba kowace hira ba.

Sai imoji. Tun 1999 da Shigetaka Kurita ya zana guda 176 a Japan suke ta ƙaruwa, amma har yanzu imojin nan na ƙoƙon kan mutum matasa dariya suke nufi da shi, dattijo kuwa mutuwa yake gani, kuma zanen kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya. In maganar mai nauyi ce kamar ta'aziyya ko ban haƙuri, rubuta ta da kalmomi.

Alamun titi ma da yawa hoton ciki kawai suke kallo su manta da siffar. A tsarin yarjejeniyar alamun titi ta birnin Biyana ta 1968 da ƙasashe da yawa ke bi, mai kusurwa uku gargaɗi ne, da'ira mai jan baki hani ce, shuɗiyar da'ira kuma umarni. Keke a cikin jar da'ira an hana shi bi ne, a cikin shuɗiya kuwa hanyarsa ce.

Akwai kuma masu zaton maganar kurame iri ɗaya ce ko'ina. Ta Amurka daban ta Ingila daban duk da Turanci ake yi a ƙasashen biyu, ta Amurka ma ta fi kusa da ta Faransa. In kana magana da kurma ta bakin tafinta, shi kurman za ka fuskanta, kuma kar ka rufe fuskarka don motsin gira da baki yana cikin maganar.