Yadda za ka yi karatun tarihin malamai ta hanyar wasan bidiyo

Wasan Assassin's Creed Mirage, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a watan Oktoba na 2023, ya sake gina birnin Bagadaza na shekarar 861 Miladiyya, da kasuwanninsa da masallatansa, har mutum yana ratsa lungu sai ya ji ladani ya ɗaga murya. Na buga shi da muryoyin Larabci, kuma ina da yaƙinin cewa ɗalibin da ke ƙaunar tarihin Musulunci zai ci moriyarsa ƙwarai, matuƙar ya ajiye littafi a gefensa ya riƙa auna abin da yake gani da abin da malamai suka rubuta.

Ka fara da mayar da shekarar wasan zuwa lissafin Hijira, domin da shi malamanmu suka tsara littattafansu. Mafi yawan shekarar 861 ta faɗa cikin shekara ta 247 bayan Hijira. Tarihin Imam Ɗabari da Al-Bidaya wan Nihaya na Ibnu Kasir duk shekara bayan shekara suke tafiya, saboda haka kai tsaye za ka buɗe babin 247 ka karanta.

Daga nan sai ka ɗauki al'amari guda ka gwada. A farkon wasan an nuna an kashe Halifa Mutawakkil a wata fada da ke garin Anbar, lokacin da ɓarayi suka shiga sata. Abin da littattafai suka kawo shi ne, sojojinsa Turkawa ne suka kashe shi cikin dare a watan Shawwal, a fadarsa da ke kusa da Samarra, kuma an zargi ɗansa Muntasir da sa hannu. Anan ma za ka gano cewa a lokacin halifofin Abbasiyawa ba a Bagadaza suke zaune ba, tun da Halifa Mu'utasim ya mayar da fada birnin Samarra a 836 Miladiyya, kuma ba su dawo ba sai a 892. Wannan gwaji ɗaya ya isa ya nuna maka tsarin masu wasan: suna riƙe shekara da suna, su canza wuri da dalili yadda labarinsu yake buƙata.

Matakin da na fi so, wanda kuma nake ganin ya fi kowanne amfani, shi ne ka tambayi kanka su wane ne malaman da suke raye a wannan shekara. Labarin wasan ya fi karkata ga Baitul Hikma (cibiyar littattafai da fassara ta Bagadaza), da masana lissafi da ƙere-ƙere irin 'ya'yan Musa bin Shakir, da marubucin nan Jahiz. Amma ɗalibin zaure yana da wata Bagadazar a ransa. Shekara shida kacal kafin nan, a 241 bayan Hijira, Imam Ahmad bin Hambali ya rasu a wannan birni, bayan ɗauri da bulalar da ya sha a fitinar cewa Alƙur'ani halitta ne, wadda Halifa Ma'amun ya fara a 218, kuma shi wannan Mutawakkil ɗin ne ya kawo ƙarshenta. Imam Buhari yana raye, sai a 256 ya rasu. Imam Muslim yana raye, sai a 261. Shi kansa Ɗabari saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana yawon neman ilimi, kuma ya iso Bagadaza jim kaɗan bayan rasuwar Imam Ahmad. Idan ka san wannan, tafiyarka a titunan wasan za ta canza, domin za ka fara tunanin irin tazarar da ɗalibi yake takawa a ƙafa daga unguwar Karkh zuwa unguwar Rusafa don ya ji hadisi guda, da irin fargabar da malami yake ciki idan gidan sarauta ya sa baki a aƙida.

Akwai wani sashe a cikin wasan da aka keɓe wa tarihin Bagadaza, wanda masana suka taimaka wajen rubuta shi, aka haɗa da hotunan kayan tarihi na gaske. Ka karanta shi, ka rubuta sunayen da ba ka sani ba a takarda, ka kai wa malaminka bayan darasi.

Sannan ka yi wa kowane bayani tambayar da malaman hadisi suke yi: daga wa aka ji shi? Ɗabari ya faɗa a gabatarwar tarihinsa cewa ya kawo labarai ne kamar yadda aka ruwaito masa, kuma abin da ya zama abin ƙi a cikinsu daga masu ruwayar ya zo. Idan haka ne a littafinsa, to wasa ya fi cancantar bincike. Misali yana nan a gida: wasan Crusader Kings III ya sa Daurama a kan mulkin Daura a shekarar 867 Miladiyya, alhali labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu tarihin baka ne wanda bai zo da shekara ba. Masu wasan ne suka zaɓa mata lokaci domin ta shiga taswirarsu.

Abu na ƙarshe ya shafi aƙida, kuma ba na ɗaukarsa da sauƙi. Ƙashin bayan labarin Mirage ya ginu ne a kan wasu ƙagaggun halittun farko da aka jingina da gumakan tsofaffin al'ummomi, ga kuma kisa da yawa a ciki. Idan za ka buga shi tare da ƙannenka, ka bayyana musu tun daga farko wane ɓangare ne ƙage, ka kuma duba shekarun da aka rubuta a jikin kwalin, domin an yi shi ne don manya.