Ga 'yan uwa sababbin zuwa Kano daga Nijar: ku riƙa aika labarinku gida a rubuce

Salamu alaikum. Wannan na samarinmu ne na Maraɗi da Damagaram da Tasawa da ke shigowa Kano neman na kai, don wallahi na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaita kansa.

Hanya ba sai na koya wa kowa ba, na Maraɗi ya biyo Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, na Damagaram ya bi ta Matamaye ya faɗo Daura. Canjin sefa a Wapa ake yi cikin Fagge, ka ji farashi a bakin mutum biyu uku kafin ka miƙa. Acaɓa an hana shi tun 2013, adaidaita sahu za ka hau. Layin waya na nan sai da lambar NIN, wato lambar shaida ta Najeriya, saboda haka kar ka yar da naka na gida. Katin shaidarka ya zauna a jikinka, kuma tunda ƙasarmu ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ka daure ka je ƙaramin ofishin jakadancinmu da ke nan Kano su san da zamanka. Waɗannan duk a sati guda ka gama.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, duk sati ko sati biyu ka zauna ka rubuta abin da ya faru da kai, ina ka kwana, nawa ka kashe, wa ka ba kuɗi kuma a gaban wa, ka tura wa yayanka ko wani aboki mai amana a gida. Na san za ku ce ai muna waya. Waya iska ce ƙanena, gaisuwa ce da ina gajiya ina su Inna, kati ya ƙare.

Inda za ka ga amfanin abin shi ne wajen haya. Mu a can mun saba biyan wata-wata, nan kuwa na shekara ake karɓa gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai, wani dillalin ma sai ka biya shi kuɗin yawon nuna ɗaki ko da ba ka kama ba. Shekarar da na kama ɗaki a Kurna wani dillali ne ya karɓi kuɗina, dattijo da carbinsa, ya rubuta min wani abu a fallen takardar makaranta ya ce maigidan ya yi tafiya, ba a yi wata uku ba sai ga ainihin maigidan da wani mutum da katifarsa wai shi aka ba ɗakin, dillali kuma ya rantse kuɗin wata shida kawai na ba shi, takardar nan ruwan damina ya riga ya cinye ta ta wurin da kwano ke yoyo. Abin da ya fitar da ni a gaban mai unguwa saƙon da na tura wa Yaya ne a daren da na biya, da hoton takardar, da adadin kuɗin, da sunan mai shayin bakin layi da aka ƙirga a gabansa. Aka kira mai shayi ya tabbatar. Kwanakin baya wani yaro ɗan wajen Magariya ya faɗa irin wannan a Rijiyar Lemo, muka tambaye shi ranar da ya biya ya ce wajen bayan sallah ne, wace sallar ma sai da ya yi tunani, to da me za mu tsaya masa? 'Yan ƙasarmu a nan ba a bar su a baya ba wajen zumunci, daga kasuwar Kwari har ta Dawanau in aka ce ɗan uwa ya shiga matsala za ka ga an taru an yi karo-karo, amma ba mai iya yi maka shaidar abin da kai kanka ka manta. Kafin ka biya ka ga maigida ido da ido, ka tambayi bashin wuta da tsohon ɗan haya ya bari, ka ji ko ruwa sai na 'yan garuwa, ka ɗauki hoton ƙofa da rufi, duka ka tura gida.

Sannan akwai maganar 'yan gida su kansu. In ba abin da suke gani sai hotonka da sabuwar shadda ranar Juma'a, lissafinsu shi ne ka samu, gobe Kawu na son kuɗin taki, jibi bikin ƙanwa. In kuwa suna karanta nawa kwanon shinkafa a kasuwar Singa, nawa ka ba ɗan adaidaita, da ranar da uban gidanka bai sallame ka ba, roƙon ma da kunya za a yi shi. Ku tuna lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, jita-jita ba irin wadda ba a kai wa iyaye mata ba, waɗanda suka saba jin ɗansu a kai a kai su ne suka iya barci.

Wanda bai iya boko ba ya yi da ajami a littafi ya ɗau hoto, ko ya sa wani ya rubuta masa, Inna kuma a samu yaro ya karanta mata. Sai dai ban da inda kake ajiye kuɗi, ban da sirrin shagon uban gidanka, kuma mutum biyu ko uku sun isa, ba duk dangi ba.