Kurakuran da ake tafkawa wajen sa laburare ya adana manyan lambobi a saituna

Int, wato nau'in cikakkiyar lamba a shirye-shiryen kwamfuta, mai bit 32 iyakarta 2,147,483,647 ne, tana wuce nan sai ta juye ta koma negatif. Fayil ya haura giga 2 kawai ka ga girmansa ya haukace, lokacin Unix (ƙidayar daƙiƙoƙi tun 1970) mai bit 32 ma haka zai cika ranar 19 ga Janairun 2038. Shi ya sa ake ƙara wa laburaren saituna (kod ɗin da manhajoji ke ajiye saitunansu da shi) int64, wato int mai bit 64, kuma a nan ne ake fara kwaɓa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mutum ya je ya canza tsohon fankshin ɗin kai tsaye daga 32 zuwa 64, wai ai ya fi sauƙi. Sauƙi a gare ka dai, amma duk manhajar da aka riga aka haɗa da tsohon sai ta rikice, wani lokacin ma ba ta faɗuwa, shirme kawai take karantawa shiru ba wanda ya sani. Ka bar tsohon yadda yake ka ƙara sabo a gefensa, haka masu laburaren GLib suka yi, g_settings_get_int na nan, suka kawo g_settings_get_int64 daban.

Sai masu amfani da nau'in lamba na long a yaren C suna ganin sun gama. A Linux mai bit 64 ee, amma a Windows long har yanzu bit 32 ce ko da injin 64 ne. int64_t za ka sa, shi kenan.

Tsofaffin bayanai fa? Nan ne mutane ke mantawa gaba ɗaya, su gwada a sabuwar kwamfuta komai lafiya lau, alhali masu amfani suna da saitunan da aka ajiye tun shekarun baya. A rajistar Windows REG_DWORD bayit 4 ce REG_QWORD kuma 8, dole ka duba nau'in kafin ka karanta. A Android kuwa in ka ajiye da putInt ka zo ɗauka da getLong, kuskuren ClassCastException zai tarbe ka. Karanta da tsohon nau'in, ka sake rubutawa da sabon, sau ɗaya tak.

In saitunan rubutu ne kar ka bar atoi wajen mayar da rubutun lamba, strtoll ake sawa sannan a duba errno a ga ko an samu kuskure. In kuma JSON ne kuma JavaScript zai taɓa shi, to da zarar lamba ta wuce 9,007,199,254,740,991 lambobin ƙarshe na iya sauyawa, gara ka ajiye ta a matsayin rubutu.

Kuma don Allah in tsohon fankshin ya ci karo da lambar da ta fi ƙarfinsa ya dawo da kuskure, kar ya datse ta ya yi gum. Wajen gwaji ka jefa masa 2,147,483,648 da -2,147,483,649 ka ga me zai ce.