Darasi na 7: Zaɓen Akwatin da Ya Dace da Lasifika Mai Baki Ɗaya

A darasin da ya gabata mun kwance lasifika mun ga abin da ke cikinta: maganaɗisu, naɗin siririyar waya, da faifan takarda mai motsi gaba da baya. Yau za mu yi mata ɗaki. Lasifikar da muke magana a kai ita ce mai baki ɗaya, wadda faifai guda ke ɗaukar dukkan sauti, mai kauri da matsakaici da siriri. Kamfanoni irin su Fostex da Lowther da Markaudio sun yi suna wajen ƙera irinta. Masu sonta suna sonta ne don murya tana fitowa daga wuri guda, kamar mai magana yana zaune a gabanka.

Me ya sa sai da akwati?

Ka ɗauki lasifika tsirara, ba akwati, ka jona ta da amfilifaya, ka kunna a hankali. Za ka ji murya, amma siririya, ba nauyi. Yanzu ka samu kwali mai faɗi, ka huda shi daidai bakinta, ka ɗora ta a kai. Nan take za ka ji sautin ya yi jiki.

Ga dalili. Idan faifai ya tura iska gaba, a daidai wannan lokaci yana janyo ta daga baya. Iskar da aka matsa a gaba sai ta zagaya ta gefe ta cike gurbin da aka bari a baya, su kashe juna. Sauti mai kauri, wanda masu sana'a ke kira bes, shi ya fi shan wannan wahala, domin igiyarsa doguwa ce. Ana auna sauti da yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, ana rubuta shi Hz. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga Hz 20 zuwa 20,000. Sauti yana tafiya kamar mita 343 a daƙiƙa. Idan ka raba 343 da 50 za ka ga igiyar sautin Hz 50 ta kusa mita 7. Faifan da bai wuce tafin hannu ba, ina zai iya tare igiya mai wannan tsawo? Aikin akwati ke nan: ya raba iskar gaba da ta baya, ko ya juya ta bayan ta zama mai taimako.

Lambobi uku da za ka nema

Kada ka sayi katako kafin ka karanta takardar da ta zo da lasifikarka. A cikinta akwai lambobi da ake kira da sunan mutum biyu, Neville Thiele na Ostareliya, wanda ya wallafa bincikensa a 1961, da Richard Small, wanda ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Lambobin suna da yawa, amma uku sun ishe ka a yanzu.

Fs ita ce kaɗawar da faifai ke yi da kansa idan an bar shi a sarari. Ƙasa da ita, ƙarfin bes yana zubewa. Vas ana rubuta ta da lita, tana nuna laushin abin da ke riƙe faifan. Mai Vas babba tana son ɗaki babba. Qts kuwa tana gaya maka yadda maganaɗisu ke kame faifan. Idan lambar ƙarama ce, kamun da ƙarfi yake, faifai yana tsayawa cak da zarar sauti ya yanke. Idan babba ce, faifai yana ɗan ci gaba da rawa.

Ka rubuta wannan a littafinka. Qts ƙasa da 0.4 ta fi dacewa da akwati mai bututu. Tsakanin 0.4 da 0.7, akwati rufaffe. Sama da 0.7, buɗaɗɗen allo. Idan ta yi ƙasa sosai, kamar 0.2 zuwa 0.3, an ƙera ta ne da tunanin akwatin ƙaho, wanda za mu zo kansa a gaba. Wannan jagora ce, ana samun masu kauce mata su dace, amma mai koyo ya bi ta tukuna.

Ni kaina na taɓa ƙin bi. Na ga hoton wani akwatin ƙaho mai lanƙwasa, ya shiga raina, na yi makonni ina yanka ina mannawa. Lasifikar da na saka masa Qts ɗinta ta haura 0.6. Da na kunna, sai gunji, kamar ana magana a cikin ganga. Aikin kafintan bai da laifi. Ni ne na zaɓi akwatin da ido, ban tambayi lasifikar ba. Har yau ina jin zafin katakon nan da na ɓata.

Akwati rufaffe

Da shi nake so ka fara. Gefe shida ne, a manne ruf, ba inda iska za ta fita. Iskar da ke ciki tana zama kamar matashi a bayan faifai: ya koma baya ta turo shi, ya yi gaba ta janyo shi. Edgar Villchur na Amurka ne ya fito da darajar ƙaramin akwati irin wannan a 1954, a kamfaninsa na Acoustic Research.

Bes ɗinsa ba ya kai na mai bututu yawa, amma tsaf yake, kuma yana raguwa a hankali, desibel 12 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da lambar Hz ta ragu da rabi. Abin da ya fi min muhimmanci shi ne yana kare faifan. Ka tuna, a lasifika mai baki ɗaya, takardar da ke buga bes ita ce dai ke rera murya. Idan bes ya sa ta tsalle fiye da kima, muryar ma sai ta gurɓace, ka ji tana karkarwa. Yawancin ƙananan irin wannan lasifika milimita ɗaya zuwa uku kawai suke iya motsawa lafiya. Matashin iskar nan yana hana su wuce gona da iri.

Mu yi lissafi tare. A ce lasifikarka tana da Fs 70, Qts 0.5, Vas lita 10. Muna so idan ta shiga akwati lambar kamun ta koma 0.7, domin a nan ne bes ke fita daidai, ba kumburi ba rama. Raba 0.7 da 0.5, ka samu 1.4. Ninka 1.4 da kanta, ka samu 1.96. Cire 1, saura 0.96. Raba Vas, wato 10, da 0.96. Amsa ita ce lita 10 da ɗan ɗigo. Lita ɗaya daidai take da santimita 10 tsawo, 10 faɗi, 10 zurfi, wato 1,000 idan ka ninka su. Akwatin da cikinsa ya yi santimita 30 da 20 da 17 zai ba ka 10,200, lita 10.2 ke nan. Ka lura da kyau, awon ciki ake nufi. Mutane da yawa suna auna waje su manta da kaurin katako, akwati ya fito ƙarami.

Akwai abin da ka biya a wannan ciniki. Fs ma ta ninku da 1.4, ta tashi daga 70 zuwa 98. Duk akwatin da ka ƙara matsewa, bes yana ƙara guduwa sama.

Akwati mai bututu

Ka taɓa hura bakin kwalba ka ji ta yi "huuu"? Iskar wuyan kwalba ce ke rawa a kan iskar cikinta. Masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 19, kuma Albert Thuras na ɗakin binciken Bell a Amurka ya samu rajistar amfani da shi a akwatin lasifika a 1932. Akwatin shi ne kwalbar, bututun shi ne wuyanta. A daidai sautin da aka saita shi, bututun ne ke fitar da bes, faifai kuwa kusan yana hutawa.

Bututu mai tsawo yana saukar da sautin, gajere yana ɗaga shi. Mai faɗi kuma yana ɗaga shi, sai an ƙara masa tsawo. Misali, a akwatin lita 10, bututu mai faɗin santimita 4 da tsawon santimita 10 zai kama wajen Hz 54. Ka yanka shi da ɗan rara, ka riƙa ragewa kana saurare. Idan ya yi siriri da yawa za ka ji yana huci.

Ga inda haɗarin yake. Ƙasa da sautin da aka saita, akwatin ya daina riƙe faifai, kamar babu shi. Bes yana faɗuwa da sauri, desibel 24 a kowane rabi, faifai kuma yana ta bugun iska a banza. Ka ƙure murya da waƙa mai bes mai zurfi, za ka ga takardar tana fizga kamar za ta fice. Idan ka gani, rage murya nan take.

Buɗaɗɗen allo

Wannan shi ne kwalin da muka fara da shi, sai dai da katako. Ba gefe, ba baya. Murya tana fita sakayau, ba ƙarar akwati ko kaɗan, kuma cikin yini ɗaya ka gama. Sai dai bes yana bin faɗin allon, ƙaramin allo ƙaramin bes. Yana kuma so a janye shi daga bango kamar mita ɗaya, abin da ba kowane ɗaki ke iyawa ba.

Dogon bututu da ƙaho

A nan ne masu wannan sana'a suka fi yin gardama, kuma a nan ne ido ya fi yaudarar mutum. Paul Voigt na Ingila ya ƙera, a shekarun 1930, wani dogon bututu mai tsukakken kai da buɗaɗɗen gindi, ana ɗaura lasifika a wajen tsakiyarsa. Har yau ana kiransa da sunansa. A 1965 Arthur Bailey ya bayyana wani danginsa, wanda ake cusa wa ulu a ciki don ya shanye sautin baya.

Sirrinsu ɗaya ne: bututun da tsawonsa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na igiyar sauti yana ƙarfafa wannan sautin. Lissafin ba wuya. Ninka Hz da 4, ka raba 343 da abin da ka samu. Ga lasifika mai Fs 70: 70 sau 4 ya ba da 280, 343 a raba da 280 ya ba da mita 1.2 da 'yan kai. Shi ya sa ake ganin waɗannan akwatuna tsaye kamar mutum, ko an naɗe bututun gida biyu a ciki. Matsalarsu ita ce bututun ba sauti ɗaya yake ƙarfafawa ba. Yana kuma ɗaga ninki uku da ninki biyar na wannan sautin, sai ka ji wasu muryoyi sun kumbura. Maganinsa auduga ko zaren roba da ake cusawa a saman bututun, da haƙurin gwadawa: ka ƙara, ka saurara, ka rage.

Ƙahon baya kuwa hanya ce da ke fara tsukakkiya a bayan faifai, tana buɗewa sannu a hankali har bakinta. Yana sa ƙaramin amfilifaya mai wat biyu ko uku ya cika ɗaki. Idan ya dace da lasifikarsa, kiɗa yana fitowa da rai, wanda ya ji ba ya mantawa. Amma yanka da yawa ne, kowane kwana da awonsa. Shawarata, kada ka zana naka. Ka nemi zanen da aka yi wa ainihin lasifikar da ke hannunka. Wasu kamfanoni, kamar Fostex, suna bayar da shi tare da kayansu. Kuma ya zama aikinka na biyu ko na uku.

Wajen haɗawa

Katako mai kaurin milimita 18 ya isa, filawud mai kyau ko MDF, wato allon da aka yi da matsattsen garin katako. Idan za ka yanka MDF ka rufe hanci da baki, ƙurarsa tana cutar da huhu. Ka sa gam a kowace mahaɗa har ya ɗan tsattsafo. Bango mai faɗi ka tokare shi da sanda daga ciki. Ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa: idan ya ce "tak" ya yi, idan ya ce "bum" yana buƙatar tokari.

Kada tsawo da faɗi da zurfi su zo daidai da juna, domin sauti ɗaya zai taru a ciki ya yi ta amsa kuwwa. Ka shimfiɗa soso ko auduga a bangon da ke bayan lasifika, saboda takardar faifan siririya ce, sautin da ya daki bango ya dawo yana ratsa ta ya fito. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: ramin da lasifika ke zama, ka fere gefensa ta ciki ya buɗe kamar bakin mazurari. Ƙaramar lasifika a cikin katako mai kauri tana shaƙewa idan ba a yi haka ba.

Idan ka gama ka ji murya ta yi kaifi, bes ya yi baya, kada ka yi saurin zargin akwatin. Siririn akwati yana barin sauti mai kauri ya watsu ko'ina, siririn sauti kuwa ya nufo ka kai tsaye, bambancin yana iya kai desibel 6. Matsa shi kusa da bango ka sake saurare.

Aikin gwaji

1. Nemo takardar lasifikarka, ka rubuta Fs da Qts da Vas. Wane akwati lambobin suka nuna maka?

2. Wata lasifika tana da Qts 0.45 da Vas lita 14. Lissafa girman rufaffen akwatin da zai kai ta 0.7.

3. Bututun Voigt na sautin Hz 60, mita nawa zai yi?

4. Idan ka haɗa rufaffen akwati, ka ɗora yatsu a hankali kewaye da tsakiyar faifai, ka ɗan danna, ka saki. Idan ya dawo a hankali ko ya yi maka tauri, akwatin ya rufu. Idan ya shige ba turjiya, ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da kunne, da inda waya ta shiga, har ka gano inda iska ke fita. Ka zo da sakamakon aji na gaba.